Maman 'yan biyu, ga abin da na gani a gasar sofbol ta yara

Wa alaikumus salam Maman 'yan biyu, ya gida ya yaran. Tun jiya da daddare na ga tambayarki, cewa kocin su 'yan biyu ya ce ƙungiyarsu za ta shirya gasarta ta sofbol, wasan nan mai kama da besbol da ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, a bazarar nan don a tara kuɗi, an saka ki a kwamiti, kina son sanin me ke sa a ce gasa ta yi kyau me ke sa a ce ta lalace. Na bari ne sai na samu zama don maganar ta fi layi biyu. Shekara bakwai kenan ina bin 'yata fili fili, tun tana buga 'yan ƙasa da shekara 10 ga ta yanzu a 'yan ƙasa da 16, daga nan jihar Ohayo ta Amurka zuwa Indiyana zuwa Kentaki, na ga gasar da muka dawo muna shi wa masu ita albarka, na ga wadda na rantse ko kyauta ce ba zan koma ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne lokaci. Wallahi yawancin gasar da ta lalace a kan agogo ta lalace, kuma tun ranar da aka zauna rubuta jadawali aka lalata ta, tun ran gini tun ran zane. Kinsan yadda ake yi, Asabar wasannin rukuni, Lahadi sili ɗaya ƙwale. A ƙa'ida wasa zagaye bakwai ne amma a irin wannan gasar da wuya a kai bakwai ɗin, agogo ake sawa, galibi minti 75. Toh sai ki ga an jera wasa duk bayan awa ɗaya da rabi, 8:00, 9:30, 11:00, haka har yamma, kinga minti 15 kacal ya rage tsakani, a cikinsa waɗannan za su kwashe kayansu daga rumfa waɗancan su shiga, a gyara fili, mai jifa ta ɗumama hannu, alƙalai su sha ruwa. In dokarku ta ce idan lokaci ya cika sai an ƙarasa zagayen da ake ciki, ki sani a wasan yara tsaran 'yan biyu zagaye ɗaya yana iya cin minti ashirin, don yaran ba su gama iya jifa ba, jifa na kaucewa sai mai duka ta wuce bes na farko kyauta (bes su ne matsayan da ake gudu a taka a fili), wannan ta wuce waccan ta wuce. Kowane wasa ya zarce da minti 15, kafin a zo na shida an makara fiye da awa guda.

Dan Allah ku yi lissafin nan a takarda kafin ku karɓi kuɗin kowa. In fili huɗu gare ku, kowane fili ya ɗauki wasa takwas a yini, wasa 32 kenan, in kowace ƙungiya za ta buga uku ranar Asabar ƙungiya 21 ce iyakarku, ni da ni ce ma a 18 zan tsaya in bar gurbi ko biyu a buɗe saboda ruwa. Za a samu wani a kwamiti da zai ce a ƙara ƙungiya huɗu ai ɗaruruwan daloli kowacce za ta biya, kar ki yarda.

Na faɗa miki haka ne saboda wata gasa da muka je tana shekara 11. An rubuta mana wasan ƙarshe ƙarfe shida na yamma, ba a fara shi ba sai wajen goma da rabi na dare. Tun bakwai na safe muke filin. Har yau ina ganin yaran nan a idona, sun jera a kan ciyawa bayan waya kowa ta yi matashi da jakar sandunanta, safa duk jar ƙasa, ɗaya tana barci da hular kwano a kanta, sauro yana cin su, iyaye sai kai da komo muke ba wanda zai ce mana ga lokacin da za a fara. Mai gasar ba ya filin, wayarsa tana ta ƙara ba ya ɗauka, yaron da ya bari a tebur cewa yake shi ma jira yake. Aka tashi wasan sha biyu saura, muna shiga mota saƙo ya shigo wai gobe ƙarfe takwas za mu buga, koci kuma yana son yara awa ɗaya kafin wasa. 'Yata ba ta ce komai ba, ta cire takalmi kawai ta jingina da gilashi hawaye na zuba. Abin ya yi min ciwo sosai, yarinyar da ke ƙirga kwanaki kafin gasa.

Makarar ma da sauƙi in an gaya maka. Shirun ne ke ƙona rai. Akwai wata dattijuwa da ke shirya gasa a wani ƙaramin gari, mun je tata sau uku, filayenta ba su kai na waccan kyau ba ko kusa. Shekarar farko aka kwana ana ruwa, biyar da rabi na asuba saƙonta ya shigo wayar kowane koci: fili ya jiƙe, ba wasa sai goma, an rage kowane wasa zuwa minti 55, ga sabon jadawali. Muka yi sallah muka koma barci. Da muka isa mun tarar da mazaje da manjagara suna ta jan ƙasa, ana zuba garin nan mai tsotse ruwa, ita kuma tana zagayawa a 'yar motar golf da oba-oba a hannu, ta tsaya a kowane fili ta tambayi alƙali minti nawa ya rage. Tun kafin a biya kuɗi ta rubuta a takardar shiga nawa za a mayar maka in ruwa ya hana wasa gaba ɗaya, nawa in wasa ɗaya kawai kuka samu. Ku ma ku rubuta naku tun yanzu, musamman in kun yi alƙawarin kowace ƙungiya za ta samu wasa huɗu, don ranar da ruwa ya zo kowa da nasa lissafin zai zo miki. Kuma mutum ɗaya za ku naɗa mai magana, a san fuskarsa, yana filin daga wasan farko har a kashe fitila.

Maganar tsawa kuwa babu sassauci. Da an ga walƙiya ko an ji cida kowa ya bar fili ya shiga mota, a jira minti 30, in an sake ji a sake ƙirgawa daga farko. Rumfar 'yan wasa ba mafaka ba ce, waya ce ta ƙarfe ta kewaye ta ga sandunan ƙarfe a jingine. Za ki ji iyaye suna cewa ai saura 'yar wasa ɗaya a fitar, a bari a ƙarasa. A'a. Ku samu ƙaho ko jiniya da duk filayen za su ji lokaci ɗaya.

Sai alƙalai. Biyu ake so a kowane wasa, ɗaya a bayan mai cafe ɗaya a cikin fili. In ɗaya ne ba yadda za a yi ya kalli jifa kuma ya ga wadda ta bar bes kafin ƙwallo ta bar hannu, ko ya yanke hukunci daidai a bes na biyu daga can nesa, daga nan rigima ke tashi. Alƙalai sun yi ƙaranci yanzu, ku kama su da wuri, kar ku sa mutum ɗaya ya yi wasa shida a jere a bayan mai cafe da wannan sulken a rana, ku ba su inuwa da ruwan sanyi da abinci ku biya su ranar. In wani uba ya zage su, mai gasa ne zai je ya fitar da shi, kar a bar alƙali shi kaɗai da mutane.

Dokokinku su kasance a takarda ɗaya, a manna a kowace rumfa. Ƙungiyoyin da za su zo wasu sun saba da dokar hukumar USA Softball wasu ta hukumar USSSA, kuma akwai bambanci. Misali tsayar da wasa in tazara ta yi yawa: a ta farko tazarar maki 15 ne bayan zagaye uku, 12 bayan huɗu, 8 bayan biyar, a ta biyu kuma 12, 10, 8. Ku faɗi wadda kuke bi, ku faɗi ko agogo na cika a tsaya cak ko sai an ƙarasa zagaye, ko ana barin canjaras ranar Asabar, da yadda za a raba gardama in maki ya zo ɗaya a rukuni. Ranar Lahadi in an yi kunnen doki galibi ana ɗora 'yar gudu a bes na biyu a fara sabon zagaye, shi ma a rubuta.

Wani abu da ake mantawa shi ne nisan wurin jifa. 'Yan ƙasa da 10 ƙafa 35 ne da ƙwallo mai inci 11, 'yan ƙasa da 12 ƙafa 40 da mai inci 12, daga 14 zuwa sama ƙafa 43. In fili ɗaya manya da ƙanana za su yi amfani da shi dole a matsar da robar da mai jifa ke takawa. Mun taɓa buga zagaye biyu cur a 43 alhali 40 ya kamata, yarinyar da ke mana jifa ƙwallonta sai faɗuwa take a ƙasa kafin ta iso, babanta yana ta mata faɗa daga bayan waya, ita tana ta share ido, sai da wani kaka ya ce a kawo tef a auna. Ku ajiye tef a kowane fili. Ramin da masu jifa ke haƙawa da ƙafa, da na wurin masu duka, a cike shi a daddage bayan kowane wasa biyu ko uku a sake zuba farin layi, a nan yara ke gurɗe ƙafa.

Ku duba ajin ƙungiyoyin da kuke karɓa ma. Akwai A da B da C, A ce mafi ƙarfi, kuma kullum sai an samu ƙungiya mai ƙarfi da za ta lallaɓo gasar 'yan C don ta kwashi kofi. Yawancinsu sakamakonsu yana manhajar GameChanger da ake rubuta sakamakon wasanni, minti biyar ya isa a gane. Ba yarinyar da ke koyon komai a wasan 18 da nema, har waɗanda suka ci ɗin. A karɓi sunayen 'yan wasa da shaidar shekaru kafin ranar.

Banɗaki kuwa, ƙanwata, ki ɗauke shi a kanki don mazan kwamiti ba za su tuna ba. In na roba ne na haya, ku sa a zo a kwashe daren Asabar, a samu mai zagayawa da takarda da sabulu. Gasar 'yan mata ce, a sa kwandon shara a ciki. Na ga yaran da suka ƙi shan ruwa yini guda a watan Yuli don kar su shiga banɗaki, ɗaya sai da jiri ya ɗebe ta. A samu ƙanƙara da akwatin magani a wuri sananne, kowa a tebur ya san adireshin filin in ta kama a kira 911.

Tunda kina kwamiti ki yi mana magana a kan namu. Teburin abinci galibi tsiran nan nasu ne mai naman alade, ki ce a ƙara wani abu ko da fiza mai cuku ce da ayaba da lemo. Ki nemi ɗan lungu mai inuwa kusa da famfo inda mutum zai shimfiɗa darduma, mu dai a bayan mota muka saba yi. 'Yata da hijabi take bugawa a ƙarƙashin hular kwano, sau ɗaya wani alƙali ya tsayar da wasa yana tambaya kowa na kallonta, tun daga nan koci ke gaya wa mai gasa tun kafin mu je. Ku faɗa wa shugaban alƙalanku tun a taron safe.

Kuɗin ƙofa in za ku karɓa ku faɗi nawa ne tun a sanarwa, da ko ana karɓar kati, ku bar ƙananan yara su shiga kyauta. Kar ku tilasta wa kowa otal ɗin da zai sauka. Kuma kar kwamiti ya tsaya gwada kansa da manyan gasanni irin na Kolorado a makon 4 ga Yuli ko na ƙungiyar PGF a Huntington Beach ta Kalifoniya, can kocin jami'o'i ke zuwa neman 'yan wasa, ku naku yara ne 'yan shekara tara da goma, kuɗin da za a zuba a manyan kofuna da zobba gara a ƙara alƙali da mai gyaran fili.

Ki tambayo min fili nawa aka ba ku, nawa ne masu fitila, da ƙarfe nawa hukumar wurin ke kashe ta, in kun yi jadawalin ki turo min kafin ku saki in duba miki. In ranar ba ta ci karo da wasanmu ba zan zo in zauna miki a tebur da safe in sha Allah. Ki gaida 'yan biyu da babansu.