Bes na ɓacewa a wurin zama: laifin ɗaki ne, ba na wufa ba

Ka ce bes, wato sauti mai kauri, yana ruri a jikin bango amma da ka zauna a kujerarka sai ya ɓace, kana tambaya ko ka sayi wufa (sifikar da ke fitar da bes) mafi girma. Kada ka saya tukuna, sauya wa wadda kake da ita wuri. Ɗora wufar a kan kujerar da kake zama, ka kunna sauti mai bes iri ɗaya, sannan ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda ka ji bes ya fito sumul, ba ruri ba rami, nan za ka ajiye ta. Daga nan ka saita mahaɗarta da manyan sifikoki, wato iyakar da take karɓar bes daga gare su, a 80 Hz (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramar lamba, sauti mai kauri), ka gwada maɓallin 0 da 180 da ke jikinta, mai daidaita bugunta da na sifikokin, ka bar shi inda bes ya fi cika a wurin zamanka.

Dalili kuwa, bes yana bugun bango ya dawo ya ci karo da kansa. A ɗaki mai tsawon mita 5 hakan na faruwa a kusan 34 Hz: jikin bango ya yi yawa, tsakiyar ɗaki ya mutu. In kujerarka tana tsakiya, matsar da ita rabin mita ka ji bambanci. Ikwalaiza, na'urar rage ko ƙara wani sashe na sauti, tana rage inda bes ya yi yawa, amma ba ta cike rami, wato inda ya mutu. Ƙara ƙarfi a can wahalar da amfilifaya ne kawai. Siririn soson da ake mannawa a bango don shanye sauti ma ba ya taɓa bes. In dai kuɗin za a kashe, wufa biyu matsakaita a wurare daban sun fi babba guda.