Me Ya Sa Harsashin Dalma Ba Ya Son Tsini?

TAMBAYA: Malam, ina zaune a jihar Fensilbaniya ta Amurka. Maƙwabcina, wani dattijo mafarauci, da kansa yake zuba harsashin dalma. Na lura duk kawunansu a daddatse suke, ko kuma mulmulallu. Na ce masa ai mai tsini irin na soja ya fi zuwa daidai, ya girgiza kai kawai. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Ɗan'uwa, dattijon ya fi ka gaskiya, amma kai ma ba ka yi nisa da hanya ba.

Harsashi mai tsini, wanda sojan Faransa suka ɗauka a 1898, Jamus ta bi a 1905, yawanci sanye yake da rigar jan ƙarfe ko tagulla. Rigar ce ke riƙe shi, har ya fita da gudun fiye da mita 800 a daƙiƙa bai sauya kama ba. Dalma kuwa tsirara take, ga taushi. Ina yaro na ga kakana yana mulmula dalmar adakarsa, ya dasa farce a jiki, sawun ya zauna. To ka ɗauki abu mai wannan laushi, ka ja masa dogon tsini da babu abin da ya tallafe shi a cikin bututu, sannan albarushi ya hankaɗo shi daga baya. Tsinin sai ya lanƙwashe gefe guda tun bai fita ba. Harsashin da ya fita a karkace kuwa, duk iya saitinka, inda ya ga dama zai sauka.

Shi ya sa masu wannan sana'a suka fi damuwa da yadda kan ke zama a cikin bututu. A bindiga mai lamba .30, faɗin ramin kimanin milimita 7.62 ne a kan tudun murɗaɗɗun layukan ciki, 7.82 a cikin kwarinsu. Akwai mazubin kamfanin Lyman mai lamba 311299 (mazubi shi ne abin da ake zuba narkakkiyar dalma a ciki ta zama harsashi), wanda dogon kan harsashinsa ke hawa kan tudun nan kamar jirgi a kan dogo. In ya zauna cif, harbi ya yi kyau. In ya yi sako-sako ko da kaɗan ne, an yi asarar dalma. Bindigogi biyu ƙirar kamfani ɗaya, sai wannan ta karɓe shi, waccan ta ƙi.

Ina kyautata zaton dattijonka Winchester ƙirar 1894 yake riƙe da ita, mai cin harsashin .30-30. A irinta, harsasai na jere ne a wani bututu da ke ƙarƙashin na harbi, kan wannan a gindin wancan, daidai wurin da ake daka wa wuta ta tashi. Mai tsini na iya tayar da na gabansa idan bindiga ta yi tokari. Don haka daddatsen kai irin na mazubin Lyman mai lamba 311041 shi ya fi dacewa. Kuma a jikin dabba, faɗin kan nan ya fi buɗe rauni, ba ta daɗe tana wahala ba. Wannan ni ya fi min komai muhimmanci.

Inda kake da gaskiya: daddatsen kai iska na cin sa, yana saurin rage gudu. A mita 100 ba za ka damu ba. Bayan 200 bambancin a fili yake. Mulmulalle na tsaka-tsaki.

Masu karatu na gida Najeriya, ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba laifi ne a dokar makamai ta 1959. Kai kuma, ranar da dattijo zai ɗora tukunyarsa a wuta, kada yaranka su matso. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Ka tsaya inda iska ke kaɗawa, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci.