Yaya bakteriya ke gane inda oksijin yake?

Ka tambaya yadda bakteriya, ba hanci ba ido, take nufar inda oksijin yake. Ga wasu bakteriya, amsar tana cikin him, sinadarin nan mai ƙarfe a tsakiya da ke sa jininmu ja. Wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis tana da furotin HemAT mai ɗauke da him, wanda aka bayyana a 2000. Da oksijin ya maƙale wa ƙarfen, sai furotin ya sauya siffa, saƙo ya bi ta furotin CheA zuwa furotin CheY, wanda ke sarrafa juyawar wutsiyoyin da take iyo da su.

Abin da ya fi burge ni, ba ta hango alƙibla. Muddin oksijin na ƙaruwa sai ta miƙe, in ya ragu ta wuntsila ta sake hanya.