Dalilin da ya sa na hana ka gasa ginshiƙin motar nan

Ɗana, jiya ka tambaye ni abin da ya sa na karɓe wutar gas daga hannunka lokacin da za ka gasa ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofin motar nan domin ka miƙe shi, alhali ka sha ganina ina gasa tsofaffin bodin da muke sayowa a Ƙofar Ruwa, in bi su da guduma har su koma daidai. Tambayarka tana kan hanya.

Ƙarfen da kake gani sumul, ƙwayoyi ne manne da juna, ƙanana har ana auna su da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Tun a 1951 da 1953 masana biyu, Hall da Petch, suka nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar ƙwayoyin, gwargwadon ƙarfin da za a sa kafin ya lanƙwashe. A irin ƙarfen mota da ake kira DP600, ƙwayoyin kashi biyu ne: ferait mai laushi, da matensait mai tauri wanda ke warwatse a cikinsa kamar tsakuwa a cikin laka.

Injiniyoyi sukan ɗauki hoton waɗannan ƙwayoyi su shigar a kwamfuta, ita kuma ta yayyanka shi zuwa dubban ƙananan gidaje, a ba kowane gida halin ƙwayarsa, sannan a sa ta ta lissafa abin da zai faru idan an ja ƙarfen. Wani injiniya da muka gyara wa mota ya taɓa nuna mini, kuma har yau ban manta ba. Mai laushin ne ya fara miƙewa, mai taurin ya ƙi motsi, sai ƙananan ramuka suka buɗe a inda suka haɗu, suka yi ta cin juna har suka zama tsaga.

Ginshiƙi irin wannan kuwa ya fi DP600 tauri nesa. Galibi ƙarfe ne mai sinadarin boron, wanda ake gasawa zuwa wajen digiri 900, a matse shi cikin mazubi mai sanyi, ya fito kusan duka matensait, da ƙarfin da ya kai wajen megafaskal 1500 a ma'aunin jan da ƙarfe ke iya jurewa. Wutarka za ta sassauta wannan tsari ba tare da ido ya gani ba, fenti ya rufe wurin, ranar da wata mota ta bugi motar nan daga gefe ginshiƙin ya lotse a kan iyalin mutum. Wannan ne yake tsorata ni.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu huda ɗigon waldar kamfani ɗaya bayan ɗaya, mu cire ginshiƙin ɗungurungum, mu sa wani lafiyayye.