Kanti mai sanyi a Damagaram ba tare da cin kuran ba

Alhaji, ka ce kana son gina babban kanti a Zinder wanda ba zai sha wuta da yawa ba, kuma ba zai ɓata muhalli ba. To, kafin ka nemi mai zane, shiga Birni da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka zauna cikin zauren ƙasa. Bangon nan mai kauri shi ke shanye zafin rana, sai dare ya yi ya sake shi. Dabarar ke nan.

Kada a yaudare ka da fuskar gilashi, balle ta kalli yamma, kantin tanda zai koma. Dogon bango ya fuskanci kudu da arewa, tagogi ƙanana can sama, a bar rata tsakanin kwano da silin don iska ta ratsa. Farantan sola a kan rufi, su ɗauki firji da fitilu. Ruwan damina kuwa a tara shi a tanki, ka fi ni sanin wahalar ruwa a garin nan.

Abin da masu kuɗi ke mantawa shi ne bakin titi. Je ka kewayen kasuwar Dole ka gani: inda inuwa take, nan mai shayi, ƴan tebur da ƴan kabu-kabu suke, kuma su ke jawo masu saye. Ka yi doguwar rumfa, ka dasa bedi, kada ka kore su.

Leda kuma, an yi dokar hana ta tun 2014, amma ga ta nan rataye a ƙaya. Kai dai ka ajiye kwanduna da jakunkunan kaba a bakin ƙofa.