Hajiya, kafin ki sayi bulo, ki gano inda dutsen ƙarshe zai tsaya

Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya sawwaƙe ya kawo mana mafita. Wallahi tambayarki ta taɓa ni, don ciwon da ke damunki shi ke damun duk mai ko ɗaki guda a bakin teku tsakanin Keta da Aflao a Ghana. Kin ce masu awo sun zo sun kakkafa turaku a bakin tekun unguwarku, gidanki da murhunan bandarki ba su fi taku 70 daga ruwa ba, kina tambaya ko ki zuba kuɗin adashinki ki ja katangar bulo, ko ki haƙura ki jira aikin gwamnati na tare teku da duwatsu. Kada ki ja katangar nan. Zan zo kan dalili, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa.

Ki je da ƙafarki wurin asambuliman, wato kansilan unguwarku, ko ku haɗu da Sarkin Zango ku je tare, ki ce a nuna miki a kan zanen aikin inda guroyin (jerin dutsen nan da ake miƙawa cikin teku) na ƙarshe zai tsaya, kuma gidanki yamma da shi yake ko gabas. Duk maganar a nan take. A gaɓarmu igiyar ruwa daga kudu maso yamma take bugowa a karkace, shi ya sa yashi kullum tafiya yake daga yamma zuwa gabas, daga bakin kogin Volta ya nufi Togo. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 yawancin yashin da kogin ke kawowa ya maƙale a can sama, ɗan abin da ya rage shi muke rububi. Shi kuwa guroyin ba ya haifar da yashi ko cikin cokali, tare shi kawai yake yi. Gefensa na yamma ya cika ya yi tudu, na gabas ya rame. Wanda gidansa ya faɗo bayan na ƙarshe, shi ruwa zai ci, da saurin da ya fi na da.

Mun gani ba sau ɗaya ba. Babban aikin Keta da aka kammala a 2004 ya ci sama da dala miliyan 80: guroyin 6, katangar dutse, titi mai kusan kilomita 8 tsakanin teku da tafkin Keta, da filin da aka cike da yashin da aka yaso daga cikin tafkin. Ya tsare Keta, wannan ba mai musu. Sai cin ya koma gabas. Aka zo aka yi kashi na farko na aikin Blekusu, gabas da Keta, daga 2015, guroyin 23 a kan kilomita 4.3, ruwa ya sake matsawa gaba ya sauka a kan Agavedzi da Salakope da Amutinu. Kashi na biyu bai soma ba sai 2025, kuma a shekarun jiran nan ne mutane suka rasa abin da suka rasa.

Asubar Lahadi 7 ga Nuwamba 2021, ranar da teku ta afka wa garuruwan nan, wanda yake wurin ba sai an tuna masa ba. Abin da mutanen nesa ba su ganewa shi ne, ba kamar ambaliyar damina ba ce da ruwa zai taso a hankali a tattare kaya. Igiya ce za ta tsallako tudun yashi ta doki bango, ta koma, bayan 'yan daƙiƙu wata ta zo. Kowace in za ta koma sai ta yashe ƙarƙashin harsashi ta tafi da shi. Bangon yana tsaye, fentinsa lafiya lau, amma ƙasansa rami ne, in ka durƙusa kana hango hasken wancan gefe. Can sai ka ji ƙara kamar an fasa itace, kusurwar ɗaki ta zauna. Ɗakin da bai faɗi ba kuma, gari na wayewa a tarar yashi ya cika shi har gindin taga, ƙofa ba ta buɗuwa sai an haƙa, katifa da buhun garin rogo da takardun makarantar yara duk suna ƙarƙashi. Murhun banda na laka narkewa yake kamar sukari, kifin da aka kwana uku ana ƙyafewa, wanda bashi aka ci aka saya, ya jiƙe da ruwan gishiri ya tashi daga aiki. Rijiya ta koma gishiri, masai ya fashe ya haɗu da ita. Dubban mutane suka kwana a makarantu da bakin titi. Abin da ya fi ci min rai har yau shi ne maƙabartu, ruwa ya tone iyayen mutane, a rasa ma wa za a mayar ina. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan a watan Maris 2025 aka sake maimaitawa a garuruwan nan dai.

Kuma duk da haka akwai marasa tsoron Allah da ke shigo da tifa cikin dare suna kwasar yashin bakin teku. Tifa guda mita kubik 10 zuwa 20 take ɗauka, in ta yi sawu biyar a dare ki lissafa na wata. Tudun da ke tsakaninki da ruwa shi suke sayarwa, doka ta hana, kowa ya san motocin, kowa ya yi shiru don mai motar ɗan wane ne. Mu ma da laifinmu, don mu ne masu sayen bulon da aka buga da shi saboda araha. Yashin nan gishiri ne a cikinsa, yana cin rodi, bayan 'yan shekaru ki ga ginshiƙi ya kumbura ya tsage, jan ruwan tsatsa na zubowa. Don Allah ko gyaran murhu za ki yi, ki tambayi mai bulo daga ina yashinsa.

To, katanga. Bango miƙaƙƙe ba ya karya igiya, mayar da ita yake yi, ƙarfin ya koma ƙasa ya haƙe gindinsa. Bulo mai inci 6 a kan harsashin da bai kai mita guda ba, cikin yashi zalla, babban ruwa ɗaya ko biyu ya ishe shi. Kafin ya faɗi kuma zai tura ruwan ta gefe ya cinye na maƙwabciyarki, ku ɓata a banza. Buhunan yashi ma rana ke ruɓar da su cikin 'yan watanni. Kuɗin adashin nan ki riƙe shi, ko ki kama ɗan fili can ciki nesa da gaɓa, ko ki biya hayar ɗaki guda inda za ki ajiye kifin da ya gama bushewa da takardun gida. Jarinki kada ya kwana a bakin ruwa.

In aikin ya iso ku, ku sa ido, don abin da ido bai gani ba shi ke lalacewa. Ana fara shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri da ke barin ruwa ya wuce ya riƙe yashi, a zuba ƙananan duwatsu su zama ciki, a bi da matsakaita, sannan katafila ta jera manya masu nauyin tan-tan a sama, ɗaya bayan ɗaya, su ciji juna. In kuka ga tifa ta juye manyan a kan yashi tsirara an wuce, yashin zai zurare ta ƙasa, dutsen ya nutse. Gindin guroyin ta wajen tudu dole ya shige can cikin busasshiyar ƙasa, in an gajarta shi ruwa zai zagayo ta baya ya mai da shi tsibiri. Tazarar da ke tsakanin biyu bisa al'ada ninki biyu zuwa uku ne na tsawonsu. Sai babbar tambaya, ku yi ta a gaban jama'a ranar taro: za a cika tsakaninsu da yashi, ko za a bar su wayam su jira teku ta cika? In wayam ne, duk abin da suka tara daga bakin na gabas suka ƙwace shi. A Togo da Benin, aikin da aka yi tsakanin 2022 da 2023 bai tsaya ga dutse ba, an turo yashi sama da mita kubik miliyan 6 wajen garin Grand-Popo na Benin don teku ta riƙa rarraba shi da kanta.

In kuwa an kawo jirgin yasa, ku tambayi daga ina zai ɗebo. Idan kusa da gaɓa ya haƙa, yashinku ne zai gangara ya cike ramin, an ɗauka daga aljihun dama an sa a na hagu. Dole ya fita can inda ruwa ke da zurfin da igiya ba ta motsa ƙasa. Idan daga tafki ne, ku je bakin bututun ku ɗebi abin da ke fitowa a tafin hannu ku murza. Mai tsakuwa-tsakuwa irin na gaɓarku, ko wanda ya fi shi kauri, shi ke zama. In ya yi laushi kamar gari, ko baƙar laka ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, damina ɗaya ba zai yi ba. Ruwa zai yi dagwalo na makonni, kifi ya ja baya, ki shirya wa tsadar kifi a lokacin. Masunta kuma su nemi a bar musu mashigar kwale-kwale da filin jan taru tun a kan zane, don dutse yaga taru yake yi, kuma in an riga an jera ba mai ɗagewa.

Yau ɗin nan, ba gobe ba, ki sa a ɗauki hoton kowane bango na gidanki ciki da waje, da kwanan wata. Tifofin dutse in suka fara bi ta ƙofarki bango zai tsage, ɗan kwangila kuma cewa zai yi da ma haka yake. In gidan ya faɗa cikin layin aikin, kada ki cire ko kwano ɗaya sai masu kimanta dukiya na Hukumar Filaye sun zo sun rubuta, an ba ki takarda da sunanki a hannu. A ƙirga murhunan da bishiyoyin kwakwa, ana yawan tsallake su. Ki tabbatar sunanki yana rajistar NADMO, hukumar agajin gaggawa, ma, ba sunan mai unguwa a madadinki ba.

Ki kafa turke mai ƙarfi a jikin gidan, duk ranar da wata ya tsaya a ja igiyar awo daga nan zuwa gaɓar da ruwa ya yanka, a rubuta a littafi. Wata uku za ki san gudun da yake yi. Ruwa ya fi cika a kwanakin tsayuwar wata da kuma daga 14 zuwa 17 ga watan sama, in ya haɗu da manyan igiyoyin Yuli zuwa Satumba kada tsoho ko yaro ya kwana a ɗakin da ke fuskantar teku, ko da yake na 2021 a Nuwamba ya zo, don haka watan sama za ki bi, ba kalanda kaɗai ba.

Yara kuma, Hajiya, ki ja musu kunne tun kafin dutsen ya zo. Gefen guroyin ruwa yakan yi wata hanya mai ja zuwa ciki, samansa a kwance kamar ba komai, kuma nan suka fi son yin wanka da kamun ƙaguwa. In kin samo lambar guroyin na ƙarshe da tazararsa daga gidanki, ki turo nan mu duba tare.