Bizar shekara guda, zaman kwana 90: amsa ga malamin da zai zaga Turai da uwargida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin jami'a ne, kuma hutuna na sabatikal, wato hutun bincike da jami'a ke bayarwa, zai fara a watan Maris. Shekararmu ashirin da aure, in ban da aikin Hajji ban taɓa fita da uwargida ko'ina ba, shi ya sa na ƙudurta mu tafi tare. Mun tsara wata biyu a Jamus, inda wani abokin aiki ya gayyace ni sashensu, wata biyu a Faransa, wata ɗaya a Maroko, wata uku a Sifaniya, sai Turkiyya, mu rufe da Umara. Ejan ɗin da ke mana takardu ya ce bizar Shengen (yankin ƙasashen Turai da ke aiki da biza ɗaya) ta shekara guda ta wadatar, kuma ko an yi maganar kwana 90, da mun tsallaka Maroko lissafi ya koma sabo. Wani ɗalibina da ke karatu a can ya ce in yi hattara. Fili na sayar saboda wannan tafiya, na kuma ba ejan kafin alƙalami. Hankalina ya ƙi kwanciya. Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai mu lokacin lafiya. Ɗalibinka ne ke kan daidai, kuma kada ka ƙara wa ejan ɗin nan ko sisi kafin ka gama karanta wannan.

Tunda ka taɓa fita, ba sai na tsaya kan fasfo da katin rigakafin shawara ba. Inda za ku kwana ciki shi ne wannan magana ta shekara guda, wadda kusan kullum sai wani ya kawo mini ita, kuma galibi bayan ya riga ya biya kuɗin jirgi. Kallon kitse ake yi wa rogo. A jikin takardar bizar da ake liƙawa a fasfo akwai layi biyu da ba aikinsu ɗaya ba. Na farko yana ɗauke da ranar da biza ta fara aiki da ranar da za ta mutu. Na biyu yana faɗin kwana nawa aka yarda ka zauna. Mutane suna karanta na farko su yi murna, na biyun kuwa ko kallonsa ba sa yi. Ko shekara biyar aka rubuta a sama, ko an buga MULT mai nuna za ka iya shiga sau da yawa, bizar gajeren zama mai harafin C ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180.

Kuma wannan 90 ɗin ba kowace ƙasa da nata ba ne. Ƙasashe 29 ne a yankin Shengen yanzu, bayan Kuroshiya ta shiga a 2023, Bulgeriya da Romaniya suka kammala shiga a farkon 2025, kuma duk buhu ɗaya ake zuba kwanakinku. Daren da kuka kwana a Balin da wanda kuka kwana a Faris, duka daga buhun nan suke fita. Ranar shiga kwana ce, ranar fita ma kwana ce, ko da jirgin asuba kuka bi.

Mu ɗora tsarinku a kan kalanda. Kun sauka Jamus ranar 1 ga Maris. Maris da Afrilu sun cinye kwana 61. Kun shiga Faransa 1 ga Mayu da sauran kwana 29 kacal, wato 29 ga Mayu ce ranarku ta ƙarshe. Duk watan Yuni da ka yi niyyar yi a Faransa, zama ne ba bisa ƙa'ida ba. In aka haɗa da wata uku na Sifaniya, tsarin naka ya haura kwana 210 a ƙasashen da suka ba ka 90.

Sai batun Maroko, wanda ya fi komai ɓata mini rai, domin ƙarya ce da aka yi wa kwalliya har ta yi kama da dabara. Fita ba ta goge komai. Duk ranar da ka tsaya gaban jami'in shige da fice, baya yake waiwaya ya ƙirga kwana 180, ya ga nawa ka yi a ciki. In kun cika 90 a jere kun fita ranar 29 ga Mayu, ba ku da ikon sake shiga sai 28 ga Agusta, ko a Tanja ta Maroko kuka yi jiran ko a Samaru. Wata ɗaya a Maroko ba ya mayar muku da ko kwana guda. Da can wasu suna sha saboda jami'i ya gaji da laluben hatimai a fasfo. Daga 12 ga Oktoba 2025 Turai ta fara aiki da na'urar da ke ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu tana rubuta shiga da fitar kowane baƙo, ita kuwa kwamfuta ba ta gajiya, ba ta kuma san ranka ya daɗe ba. Wanda ya zarce kwanakinsa yana iya shan tara, ana iya hana shi shiga yankin gaba ɗaya har na tsawon shekaru, sannan tabon yana biye da shi duk sanda ya sake neman biza. Uwargida ma lissafinta daban, tabonta daban. Ejan kuwa yana ofishinsa a ƙarƙashin fanka, sunansa ba ya cikin kowace na'ura.

Ita kanta bizar shekara gudan, wa ya ba shi tabbacinta? Ƙa'idar da aka saba bi tun 2020 ita ce a ba da ta shekara ga wanda ya karɓi biza uku ya yi amfani da su yadda ya dace a cikin shekara biyu da suka wuce. Mai fasfon da babu komai a ciki sai hatimin Jidda, yawanci kwanakin tafiyarsa ake auna masa. Ofisoshin jakadancin su ma ba su kyauta ba: su karɓi Yuro 90, su sa mutum jiran layi na makonni, su miƙo fasfo ta taga babu mai yi masa bayanin layi ɗaya. A wannan giɓin 'yan damfara suke kiwo.

Mafita tana cikin wasiƙarka, ka wuce ta da sauri: gayyatar nan ta Jamus. In sashen abokin naka zai karɓe ka a hukumance, da yarjejeniyar karɓar mai bincike wadda jami'ar ta sa wa hannu, kana iya neman bizar dogon zama mai harafin D, uwargida ta nemi tata a matsayin iyalinka. Da ita, kwanakin da kuka yi a Jamus ba sa shiga lissafin, 90 ɗin nan sai ku kashe su a Faransa da Sifaniya. Sharaɗin shi ne Jamus ta zama mazauninku na gaske, fiye da wata uku, kuma takardunta suna cin lokaci, don haka a makon nan za ka rubuta masa.

In hakan bai yiwu ba, sai a sake jera ƙasashen: Jamus da Faransa daga 1 ga Maris zuwa 29 ga Mayu, Maroko da Turkiyya da Saudiyya su cike wata ukun tsakiya, kowacce da bizarta, Sifaniya daga 28 ga Agusta. Ku duba kada Umarar ta faɗa lokacin da ake rufe ta saboda aikin Hajji. In kuma bizar farko ta shiga ɗaya ce, ta biyu a ƙasar da kake zaune ake nemanta, ba a Rabat, babban birnin Maroko, ba, wato sai kun biyo ta gida kafin Sifaniya. Ka sa kuɗin wannan jirgin a cikin lissafin kuɗin filin tun yanzu.